Lambuna a Kan Amalanke

Ranar Laraba ce, cikin kaka. An yanke gero, amma wake yana gona. Na yi sallar asuba, na tatsi shanu, na wanke ƙore. Ruwan wankin ban zubar ba. Na ɗauka na zagaya bayan bukka, inda lambuna yake.

Lambun nan ba a ƙasa yake ba. A cikin jakunkuna yake.

Mu makiyaya ne. Bayan farin da ya cinye mana rabin garke, maigidana ya nemi wurin zama yamma da Konni, a ƙasar Bazaga, kusa da wani ƙauyen manoma. Ba zan kama sunan ƙauyen ba. Mai gari ya ba mu wani fako a bayan gonaki, ya ce mu zauna, da rani shanunmu su yi musu taki. Sharaɗi ɗaya ya kafa mana: kada mu shuka komai. Ya ce wanda ya shuka yau, gobe sai ya ce ƙasar tasa ce. Muka ce mun ji.

Ni kuwa a hannun kakata na girma, Bahaushiya ce mai lambu a Tsarnawa. A bakinta na koyi Hausa, a bayanta na koyi dashe. Zama babu ɗanyen ganye kusa da ni ya yi mini wuya.

Shekarun nan jakunkunan kasuwa sun cika Konni, irin na zaren roba da ake saƙawa, masu ratsin ja da shuɗi da hannu biyu. Daga hayin iyaka ake kawo su, araha kamar banza. In zik ya lalace, mata su yar. Ni sai in tsinta. In sa ƙusa a wuta in huhhuda gindin, in cika da rairayin kwari da busasshen kashin shanu da ɗan toka, in naɗe bakin. Haka na yi tumatir da tattasai da tonka da yakuwa. In damina ta zo muka ja ruga nesa da gonaki, sai in kama hannun jaka in ɗora wa jaki.

Ranar da mai gari ya fara gani, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Na ɗaga jaka guda sama, na ce, "Baba, duba, ban taɓa ƙasarka ba." Ya ce, "Rairayin hwa?" Na ce ruwa ya kawo shi. Ya yi dariya ya wuce. Daga nan ƙauyen duka suka san ni da Dije mai lambun jaka.

A wannan safiyar jakunkunan sun kai ashirin. Dashen tumatir ya isa cira. Mun shirya da ƙawata Kuluwa, wata dattijuwa ta cikin ƙauyen wadda nake karɓar iri a wurinta, cewa mijinta Nomau zai biyo da amalanken jakinsa mu kai wasu kasuwar Konni, mai ci ran Laraba.

Tun Litinin muna jin magana. An ce wasu shanu baƙi, masu wucewa kudu, sun faɗa gonar wake a can arewa. Mai gonar ya fito, aka yi faɗa, aka sare shi. Talata da marece aka ce ya cika. Masu shanun sun riga sun ƙetare iyaka. Na yi wa maigidana magana da dare ya fara. Ya ce ba shanunmu ba ne, kuma kowa ya san mu.

Da gari ya waye ya sha fura a tsaye. Shi da ƙanensa Sambo, saurayi ne bai yi aure ba, suka kora garke zuwa tabkin arewa. Ya ce in sayo kanwa. Ban dube shi da kyau ba, hankalina yana kan jakunkuna.

Aka bar mu mu huɗu. Ni, da uwar maigidana da muke kira Inna, tsohuwa mai ciwon ƙafa. Sai ɗiyata Altine, shekararta shida, da Juli da nake goyo.

Rana ta ɗaga kamar tsawon sanda biyu sai karenmu ya fara haushi yana fuskantar arewa. Na ce dila ne. Inna tana kaɗa nono a bakin bukka. Ta tsaya da kaɗawa.

Sai na ji ganga. Ba kiɗan biki ba ne. Bugu ɗaya, a dakata, bugu ɗaya. Irin na farauta. Bayan ta usur. Bayan usur, muryoyin mutane da yawa, can nesa, kamar kasuwa ta tashi.

Da hantsi na ji bindiga. Bindigar toka ce, ƙararta mai nauyi. Sau biyu. Hayaƙi ya tashi daga wajen rugar maƙwabtanmu, baƙi, a tsaye, don babu iska.

Ina tsaye da ƙwarya a hannu sai ga farar saniyarmu, wadda ke jan garke, ta fito daga cikin kara da gudu. Ita kaɗai. Babu garke a bayanta, babu mai kiwo. Kibiya tana lilo a kuiɓinta. Ta zo turkenta ta tsaya tana huci.

Inna ta dube ta. Ta ajiye maburgi a ƙasa a hankali.

Na ji ƙarar ƙafar amalanke daga gabas. Nomau ne yake dukan jaki, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Kuluwa tana bayansa, ɗankwalinta ya zame. Tun kafin su tsaya take ihu.

"Dije! Ɗauko ɗiya! Bar kaya!"

Na ce maigidana yana tabki.

"Sun wuce tabki! Nan sunka nuho!"

Nomau ya diro. Ya ce hanyar daji an tare, hanyar ƙauye an tare. Ba mutanen ƙauyenmu ba ne, daga ƙauyuka uku na arewa suka taru, amma wasu samarinmu sun bi su. Hanya ɗaya ta rage, ta kasuwa, kuma ita ma sun tsaya a kanta, a mashigin kwari. Ya waiwaya ya ga jakunkuna a jere. Ya ce, "Loda su. Duka. Maza!"

Ban gane ba sai da Kuluwa ta kama kunnena. Ta zare 'yan kunnena na azurfa ta jefa cikin toka. Ta cusa kitsona cikin ɗankwalinta ta ɗaure tam har gira. Ta tuɓe mayafinta ta rufa mini. Ta sa hannu a jakar tattasai ta ɗebo jiƙaƙƙiyar ƙasa ta goga mini a kumatu, inda zanen gidanmu yake, da wuya, da hannaye. Ta kwance Juli daga bayana ta goya shi a nata.

Saura Altine. Fara ce sol, kitsonta na Fulani, farin wuri na ado a goshi. Babu ƙasar da za ta ɓoye wannan.

Jakar yakuwa ita ce babba. Na kama yakuwar na tumɓuke ta da saiwa. Nomau ya kife jakar ya zazzage. Na ɗaga Altine na sa ta ciki, ta dunƙule, gwiwa a ƙirji. Na ce mata da Fillanci, ko me ta ji, kada ta yi motsi, kada ta yi kuka, sai ta ji muryata. Ta gyaɗa kai. Na mayar da yakuwar a kanta a tsaye, saiwa da ƙasa a kafaɗunta, ganye a waje. Muka sa ta a tsakiyar amalanke, muka kewaye ta da sauran.

Na koma wurin Inna. Na kama hannunta. Ta fizge.

Ta ce ba ta da Hausar da za ta amsa tambaya. Ta ce fuskarta kaɗai ta isa a kashe mu duka. Ta ce jaki ɗaya ne, kayan sun yi masa yawa. Na ce to a zubar da jakunkuna. Ta ce in an zubar da su, da me za a rufe yarinya? Ta ce 'ya'yanta biyu suna daji, in sun dawo wa za su tarar?

Na durƙusa ina roƙonta. Gangar ta matso, har ina jin kalmomin da suke rerawa. Inna ta buge ni a kafaɗa da sandarta, da ƙarfi.

"Dillu!" Wato tafi.

Nomau ya ɗauke ta cak ya kai ta cikin wani tarin karan gero a gefen gona, ya jera dammuna a kanta. Ya dawo da gudu. Muka tashi.

Shi yana gaba yana jan jaki. Ni ina zaune a gefen amalanke, ƙafafuna a lilo, hannuna ɗaya a kan jakar yakuwa. Kuluwa tana tafe a baya. Nomau ya ce kada kowa ya yi sauri. Masu zuwa kasuwa ba su gudu.

Ba mu yi nisa ba na ji sun isa rugar. Kukan kare, sau ɗaya, ya yanke. Fashewar ƙore. Sai wuta ta kama bukka, ƙararta kamar ana yayyafa ruwa a mai. Na fara waiwayawa. Kuluwa ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Dubi gabanki."

Mashigin kwari rairayi ne mai zurfi. Kowane amalanke a nan yake rage tafiya. A nan suka tsaya. Sun fi goma. Baka da kwari, adda, gatari, mashi. Wasu sun shafa toka a fuska. Idanunsu jajaye. Wani yana riƙe da ɗan maraƙi da igiya, na gane shi, na maƙwabtanmu ne.

"Tsaya!"

Nomau ya tsaya. Ya yi sallama. Ba wanda ya amsa.

Babbansu dogo ne, da rigar layu, da mashi. Ya zagaya amalanken.

"Mi kunka ɗauko?"

"Dashe na. Za mu Konni."

"Yau?"

"Yau Laraba."

Ya dube ni. "Wagga hwa?"

Kuluwa ta ce, "Ƙanwata ta."

"Ba ke ni ka tambaya ba. Ke! Yi magana!"

Na ce, da muryar kakata, "Rana na yi, malam. In ta ƙwalle dashen ga mutuwa za ya yi."

Ya ci gaba da kallona. A lokacin Juli ya farka. Ya gan ni, ya miƙo hannaye daga bayan Kuluwa, ya tsala kuka. Nonona ya kawo, na ji yana zuba a ƙarƙashin mayafi. Ban motsa ba. Kuluwa ta jawo shi gaba, ta ciro nononta da ya shekara goma sha da bushewa, ta cusa masa a baki tana zaginsa kamar nata.

Dogon ya juya mashinsa. Ya soka a jakar tumatir ta gefe. Ƙasa ta zubo. Ya zare. Ya soka a ta tattasai. Ƙasa ta zubo. Ya miƙa hannu ta saman su, ya soka a jakar yakuwa.

Hannuna yana kanta. Na ji jakar ta ƙame a ƙarƙashin tafina, sau ɗaya. Ganyen ya girgiza. Babu sauti.

Ya zare mashin. Saiwa da ƙasa sun manne a bakinsa. Bai duba ba. Ya ɗaga zai sake.

A bayansa akwai wani saurayi ɗan ƙauyenmu. Na san shi. Uwarsa tana sayen nono a wurina kowace safiya. Adda ce a hannunsa, kuma ba a bushe take ba. Ba ni yake kallo ba. Jakunkunan yake kallo. A ƙasar nan duka mutum ɗaya ce ke shuka a jakar kasuwa, kuma ya sani. Ya ɗago kai a hankali. Idonmu ya haɗu.

Na jira.

Ya ce, "Dashen Kuluwa na. Na san shi. Ku bas su."

Dogon ya tofar da yawu. Ya buga gindin mashin a jikin amalanke.

"Ku tahi!"

Jaki ya ja. Ƙafar amalanke ta nutse. Nomau ya sa kafaɗa ya tura, ta fito. Muka hau gangaren a hankali. Ba zan iya buɗe jakar ba, suna kallonmu. Na sa yatsa ta saƙar ina dannawa. Ba ta danno ba.

Sai na ga Kuluwa ta sake tafiya. Tana jan ƙafa, dama, hagu, kamar wadda ta gaji. Na leƙa ƙasa. Jini ne yake ɗiga ta tsakanin katakon amalanke. Digo a nan, digo a can. Tana bi tana rufewa da rairayi.

Haka muka tafi har muka sha kan wani tudu, itatuwan gawo suka shiga tsakaninmu da su. Na watsar da yakuwar. Altine tana nan yadda na sa ta. Idonta a buɗe, ƙasa a gashin ido. Ta cusa bakin zanenta a baki ta cije. Mashin ya shiga cinyarta ta hagu, ya tsaga ta har kusa da gwiwa. Na kira ta. Na ce ni ce, ta iya yin kuka yanzu. Ta dube ni kawai.

Nomau ya yanke hannun jaka da wuƙa, ya ɗaure cinyar ta sama, ya sa tsinke ya murɗa. Na yaga mayafin Kuluwa na danne ciwon. Ya jiƙe. Na sake yagowa.

"Zubda su," in ji Nomau.

Muka tura jakunkunan ƙasa. Wasu suka fashe, wasu suka faɗi a zaune. Muka bar su nan a gefen hanya. Kuluwa ta hau, na rungume Altine, Nomau ya sa wa jaki bulala.

Rana ta take tsaka muka fito kan kwalta. Jakin ya durƙusa a nan, ya ƙi tashi. Motoci suna wucewa zuwa Konni cike da 'yan kasuwa. Nomau ya tsaya a gefe yana ɗaga hannu. Ta farko ta wuce. Ta biyu ta rage gudu, direban ya ga jini, ya ƙara wuta. Leɓen Altine ya yi fari. Ta fara lumshe ido. Kuluwa tana marin kumatunta tana cewa, "Kak ki yi kwana! Kak ki yi kwana!"

Nomau ya shiga tsakiyar kwalta ya zauna.

Wata a-kori-kura mai ɗauke da awaki ta taka birki har ta karkace. Direban ya fito da zagi. Ya leƙo ya gani. Ya bar zagin. Ya sauke yaron motarsa daga gaba ya ce mu shiga. Ni da Kuluwa da yara muka shiga. Nomau ya tsaya wurin jakinsa. Ya ce zai koma ya duba tarin kara.

Ana kiran azahar muka shiga Konni. Kasuwa tana ci. Mutane suna ciniki, masu babur suna kiran fasinja, wani yana tallan rake. Ba wanda ya sani. A bakin gari muka yi kiciɓis da motocin jandarma biyu, sun nufi yamma.

A gidan likita aka ɗinke cinyar. Ba su da allurar kashe zafi a ranar. Mutum biyu suka zo riƙe ta, amma ba a buƙaci riƙo ba. Ta kwanta tana kallon rufi har aka gama. Mai ɗinkin ya tambaye ni ko kurma ce. Sai da aka yi girbi na gaba kafin ta sake magana, kuma har yau tana jan ƙafar.

Wata 'yar'uwar Kuluwa ta sauke mu a gidanta, kusa da kasuwar shanu. Duk wanda ya shigo daga yamma sai na fita na tambaya. Wani ya ce an ga makiyaya sun ƙetare iyaka da shanu. Wani ya ce an kama mutane an kai Tawa. Kowa da tasa.

Ranar Asabar Nomau ya zo. A ƙasa ya zo, don jakin bai tashi ba. Ya zauna a zaure, ya sha ruwa, ya daɗe yana kallon kwanon. Kuluwa ta ce masa ya faɗa, ai ba yarinya ba ce.

Ya ce bai samu Inna a cikin kara ba. Ta fito da kanta. Sawunta da na sandarta sun nufi arewa, hanyar tabki. Ba ta kai rabi ba. A nan ya same ta.

Maigidana a bakin tabki aka same shi, rabinsa a ruwa. Nomau da limamin ƙauyen da wasu dattawa uku suka yi musu sutura, jandarma suna tsaye. An haƙa kaburbura a gindin wata tsamiya, na gidanmu biyu, na maƙwabta biyar. Ya ce mai gari ya zo jana'izar, ya tsaya daga nesa, bai iya ƙarasowa ba.

Na ce Sambo fa?

Ya ce sun bi tabkin kewaye. Sun shiga kara, sun leƙa rijiyoyi. Sun samu hularsa ta kaba da takalmi ɗaya. Shi ba su gan shi ba.

Ban koma wurin ba. A Konni na yi takaba, a Konni na zauna. Nomau da Kuluwa ma ba su daɗe a ƙauyen ba. An daina ɗaukar amalankensa haya, an daina gaishe su a rijiya, suka tashi suka koma wajen Malbaza. Shanunmu, bakwai aka maido mini. Na sayar da su ɗaya bayan ɗaya na yi renon yara.

Na aika saƙo Sakkwato, na aika Illela, na aika duk inda makiyaya ke sauka. Sau biyu aka ce an ga mai kama da Sambo a wata kasuwa. Na je. Ba shi ba ne.

Duk shekara in kaka ta yi, nakan dama fura in yi sadaka. Ƙwarya ɗaya don Inna, ɗaya don maigidana. Ta ukun nakan dama ta in ajiye, in rasa da sunan me zan bayar. Ba a yi wa mai rai sadakar mamaci. Da marece yara su shanye.